Wai me ya sa sitirin ba ya fita yayi?

Ɗan Rigasa: Slm manyanmu, barkanmu da dare. Dan Allah tambaya gare ni kuma ba neman rigima nake ba. Shekara biyu kenan da fara haɗa kiɗana, a ɗan lokacin nan kaɗai na ga sautuka sun zo sun wuce, wanda aka yi yayi bara in ka saka shi bana sai mawaƙi yace oga cire wannan ya tsufa. Amma sitirin, wato tarin gogen Turawan nan, kullum yana nan daram. Waƙar biki yana ciki, ta siyasa da shi ake buɗewa, bege yana ciki, fim kuwa ba a magana. Jiya wani abokina ya nuna min laburaren sitirin, wato tarin sautukan da aka ɗauka ana kaɗa su a kwamfuta, guda ɗaya tal da ya cinye masa rabin had dis, nace kai duk wannan saboda sauti ɗaya? Ni na cikin manhajar Purity nake amfani da shi kuma ba a taɓa dawo min da aiki ba. To me ake nema a manyan nan, kuma me ya sa shi sitirin ɗin ba ya tsufa?

Mai Fiyano Kawo: Wa alaikumus salam ƙanena. In dai waƙar biki kake yi wadda ganga da kalangu suka cika ta, ga bes ga murya uku a sama, na hannunka ya ishe ka, don sitirin ɗin can baya yake zaune kamar labule. Kuma ka tuna inda ake jin aikin namu, a sifikar waya ne da ta Keke da 'yar bulutut ɗin mai shayi. Ni shekara da shekaru da manhajojin Hypersonic da Purity nake aiki, da su na yi aure da su nake cefane. Kada wani ya sa ka raina abin hannunka.

Baban Situdiyo: Mai Fiyano ka faɗi rabi, bari in ƙara masa ɗaya rabin tunda yaron tambayar ilimi ya yi. Ɗana, tun kafin a haifi yawancinku ake faman nan na saka masu goge cikin akwati. A 1963 aka fito da Mellotron a Birmingham ta Ingila, in ka gan shi fiyano ne amma ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren kaset, kana dannawa ya kunna maka amon bayolin na gaske da aka ɗauka, daƙiƙa takwas zaren ya ƙare dole ka ɗaga yatsa ya koma farko. Daga baya a 1979 aka yi Fairlight a Ostareliya, shi kuma kwamfuta ce, tsadarsa ta sa sai manyan mawaƙan duniya ke iya mallaka. Mu nan abin da ya iso hannunmu fiyanon Yamaha ne irin PSR. A jerin sautuka 128 na General MIDI, wato tsarin lambobin sauti da irin fiyanon nan ke bi, lamba 49 ita ce sitirin, ko daga barci ka tashe ni zan faɗa maka. Da irin wannan amon aka yi waƙoƙin fim ba adadi, mata suka yi kuka da su a falo. Injin ya canza sau nawa a shekara sittin ɗin nan amma duk abu ɗaya ake kora, wato hannun ɗan Adam yana jan izga a kan tsirkiya. Sautin da injin ya ƙirƙira da kansa yana ɗauke da shekarar da aka yi shi a goshi, kana ji ka ce wannan na lokacin kaza ne. Shi kuwa bayolin ya haura shekara 400 a siffar da yake yanzu, wane yayi kuma zai fita.

Ɗan Rigasa: Allah ya ƙara girma Baba, wlh ban taɓa jin labarin na kaset ɗin nan ba. To amma girman fa? me ake zubawa a ciki haka

Injiniyan Barnawa: Bari in shigo nan don lissafi ne zalla. Cikakkiyar ƙungiyar sitirin kusan mutum 60 ce, bayolin na ɗaya 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, babban bes 8. Masu yin laburare sai su kama babban zaure su zaunar da mutanen nan kowa a mazauninsa, ace masu bayolin ku ja wannan not ɗin, wato amo guda ɗaya, a hankali, a ɗauka, ku ja shi da matsakaicin ƙarfi, a ɗauka, ku ja da ƙarfi sosai, a ɗauka. Sai not na gaba, haka har ƙarshen inda kayan ke kaiwa. An gama dogon ja kenan kawai. Sai a dawo gajeren bugu, sai na ɗan tsalle da izga, sai na tsakura da yatsa kamar mai gurmi, sai na karkarwa irin wanda ake sakawa in mugu zai shigo a fim. Gajerun ma ba sau ɗaya ake ɗauka ba, kowanne sau huɗu ko fiye, saboda in ka maimaita not ɗaya da sauri kuma samfur ɗaya ne ke fita sai ka ji kamar keken ɗinki, kunne na gane ƙarya nan take. Sannan duk wannan ba da makirufo ɗaya ba, akwai na kusa da kayan, akwai guda uku da ake ratayewa sama da kan mai ba da umarni, akwai na can ƙarshen zaure. Ka ninka wannan da wancan ka gani. Laburaren Hollywood Strings da ya fito a 2010 ya haura giga 300 shi kaɗai.

Injiniyan Barnawa: Da can ba zai yiwu ba saboda dole duk sautin ya shiga ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Manhajar GigaSampler ce a 1998 ta kawo dabarar a ɗora farkon not ɗin kawai a ram, sauran ya riƙa kwararowa daga had dis lokacin da kake dannawa. Kontakt, manhajar da ake buɗe laburare a cikinta, ya zo a 2002, daga nan ƙofa ta buɗe. Shi ya sa in za ka sa babba ka sa shi a SSD, ma'ajiyar da ta fi had dis sauri.

Ɗan Rigasa: Toh legato da nake ji ana ta faɗa fa Injiniya, na ɗauka dogon not ne kawai

Injiniyan Barnawa: A'a, shi ne ma zuciyar abin. In mai bayolin zai tashi daga not ɗaya zuwa wani ba tare da ya ɗaga izga ba, akwai ɗan abin da ke faruwa a tsakani, yatsa ya zame ko ya sauka, tsirkiya ta ɗan yi gardama kafin ta zauna. Bai kai ƙiftawar ido biyu ba amma shi ne ke gaya wa kunne mutum ne. Mutanen kamfanin Vienna Symphonic Library na birnin Biyana a farkon shekarun 2000 su suka yi suna da ɗaukar wannan tsakanin, daga kowane not zuwa kowane not sama da ƙasa har tsawon oktaf guda, wato daga do zuwa do na gaba. Kana danna na biyu kafin ka saki na farko sai manhajar ta ɗauko maka ainihin wannan zamewar ta liƙa. Saboda haka ne ma za ka ji laburare mai kyau kamar yana makara, a Cinematic Studio Strings in ka danna a hankali jinkirin na kaiwa kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. Da gangan aka bar shi. Sai dai ka ja not ɗinka baya kaɗan su faɗa kan bit.

'Yar Malali: Sallama gare ku. Ni ba makaɗiya ba ce, editin nake yi da ba da umarni, amma ni ce mai karɓar aikinku don haka ku bari in faɗi abin da na gani. A wani fim mai dogon zango da muka yi akwai fitowar da uwa ke ninke kayan 'yarta daren da za a kai ta ɗakin miji, ba magana ko ɗaya, minti ɗaya da rabi, daga ita sai akwati da fitilar caji. Makaɗin farko ya kawo min sitirin cike da kod, wato not da yawa a haɗe lokaci guda, tun daga farko har ƙarshe, yana da daɗi ba laifi amma da na ɗora sai fitowar ta zama kamar tallan banki. Na kai wa wani, ya zauna ya kalla sau uku bai taɓa fiyano ba, sannan ya ɗauko celo shi kaɗai, layi ɗaya, ya bar daƙiƙa ashirin na farko shiru sai ƙarar zif ɗin akwati. Daidai inda ta ɗauko ɗan tsohon kallabin yarinyar ta tsaya tana kallo, nan ya shigo can ƙasa kamar mutum ya ja numfashi zai yi magana ya fasa. Har ƙarar gogar izgar ana ji kaɗan kaɗan. Wlh mu huɗu ne a ɗakin editin ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa. Kuma a waya yawancin mutane suka kalla, saƙonnin da suka fi yawa a kan wannan fitowar ne. Don haka Yaya Mai Fiyano maganar sifikar waya ban yarda da ita duka ba, waya na yanke bes amma ba ta yanke wannan.

Mai Fiyano Kawo: Hajiya na ji kuma na yarda da ke a kan fim, inda kayan kiɗa ɗaya zai tsaya shi kaɗai tsirara dole ya zama mai kyau. Amma ki lura da labarin naki, na farkon ma ina da tabbacin babban laburare gare shi. Ni na sha jin yara da giga ɗari uku a kwamfuta amma abin da ke fita kamar ogan, to ina amfanin baɗi ba rai. Na biyun hannu gare shi da kunne, ko lamba 49 ɗin Baba ka ba shi zai taɓa zuciya.

'Yar Malali: Zai taɓa, amma ba zai kai can ba. Gogar izgar nan da na ji babu ita a ƙaramin.

Baban Situdiyo: Ku duka biyun kuna kan hanya. Abin da ke maida sitirin ogan abu biyu ne kuma kullum ina faɗa wa yaran da ke zuwa wurina a Tudun Wada. Na ɗaya, a danna kod da yatsu goma a fayil ɗaya a riƙe. Mutum 16 ɗin nan in ka danna not biyar ka maida su 80, kuma dukkansu sun fara tare sun tsaya tare kamar sojoji, babu ƙungiyar da ke haka a duniya. Na biyu, a bar wilin nan, ƴar tayar da ke gefen hagu na fiyano, yana barci. A yawancin laburaren nan shi ke ratsa ka daga ɗaukar da aka yi a hankali zuwa ta ƙarfi, amon kansa ke canzawa daga laushi zuwa kaifi, ba ƙara kaɗai ba. Ni hannun dama na kan maɓalli na hagu na kan wili, ina kaɗawa ina numfashi da shi, in na ja iska in tura sama in na sauke in dawo da shi. In not ya daɗe bai motsa ba ya mutu.

Malamin Kwaya Sabon Tasha: Gaisuwa ga Baba da kowa. Ina koyar da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, a coci kuma muna da yara uku masu koyon bayolin, don haka kullum ina jin na gaske a kusa da kunnena. Shawarar da zan ba ƙanenmu na Rigasa, ka ɗauki sitirin kamar mawaƙa huɗu. Bayolin na ɗaya muryar mata ta sama, na biyu ta ƙasa da ita, biyola ta maza matasa, celo ta dattawa. Buɗe kowanne a layinsa, ka ba kowa waƙarsa da zai iya rerawa da baki, kada wani ya yi ta tsalle ba dalili. In ka kasa rera layin da bakinka to su ma ba za su ji daɗin ja ba. Sannan ka san iyakar kowa, bayolin ba ya sauka ƙasa da G ɗin da ke ƙarƙashin C ta tsakiya, biyola na sauka zuwa C, celo kuma oktaf guda ƙasa da biyola. Wani abu kuma, izga tana da tsawo kuma tana ƙarewa. Mutum ɗaya dole ya juya ta, za ka ji wurin juyawar. Dalilin da ya sa taro ke iya riƙe not kamar ba ya yankewa shi ne kowa na juya tasa a lokaci daban, kuma yatsan kowa na rawa daban, wani ya ɗan hau wani ya ɗan sauka da abin da bai kai gashi ba. Wannan ɗan saɓanin nasu ne ke ba da kaurin nan mai laushi. In ka kwafi bayolin ɗaya sau 16 ba za ka same shi ba, ƙara kawai zai yi.

Ɗan Rigasa: Malam wannan na rubuta shi a littafi. Ni dama duk a layi ɗaya nake yi

Malamin Kwaya Sabon Tasha: Kowa daga nan ya fara. Wata dabara kuma, in aikin mai muhimmanci ne ka yi shimfiɗar da laburare sannan ka kira mai bayolin ɗaya na gaske ya bi layin sama. Kunne na kama shi sai ya yarda da sauran. Na yi haka a waƙar Kirsimeti bara da ɗaya daga cikin yarana, ba ta ma ƙware sosai ba, amma kowa ya ɗauka ƙungiya muka ɗauko daga Legas.

Ɗan Unguwar Dosa: Ina biye tun ɗazu. Ni ina ganin akwai abin da ba a taɓo ba, wato me ya sa MU ɗin nan muke son sa haka. Mu ba mu tashi da kiɗan zauren Turawa ba ai. Iyayenmu sun tashi da fim ɗin Indiya tun shekarun 1950 da aka fara nuna su a silimun Arewa, kuma duk wanda ya san waƙoƙin nan ya san tarin bayolin ɗin da ke amsa wa mawaƙiya, ta yi layi su maimaita mata, duk a murya ɗaya ko oktaf, suna zamewa daga not zuwa not. Ga kiɗan Sudan da tsofaffinmu ke so, shi ma bayolin ne a gaba kuma a kan not biyar yake tafiya kamar yawancin namu. Ga na Misira. Ƙarƙashin duk wannan kuma ga goge da kukuma da muke da su tun kaka da kakanni. To kunnen Bahaushe ya riga ya san kayan da ake ja yana kuka kamar mutum. Shi ya sa ni in ina waƙar Hausa ba na cika kod, sitirin ɗin ƴan amshi nake maida su, mawaƙi ya faɗa su amsa.

Mai Fiyano Kawo: Yauwa! nan kam ka zo inda nake. Kuma a wannan amshin ne manyan laburaren ke ba ni wahala wani lokaci, an ɗauke su a babban zaure da amsa-kuwwa mai tsawo, ga nauyi, kafin su juyo kalangu ya yi gaba. Ƙaramin da wilin lanƙwasa not ya fi saurin biyo ni.

Injiniyan Barnawa: Gaskiya ne, an yi su ne don kiɗan fim irin nasu. Kamar na kamfanin Spitfire da yawa a zauren AIR na Landan aka ɗauka, tsohon coci ne, ɗakin kansa rabin sautin ne kuma ba ka iya cire shi gaba ɗaya. In kiɗa mai gudu kake yi ka rage makirufon nesa ka ɗaga na kusa, ko ka nemi na ƙaramar ƙungiya, ko wanda aka ɗauka a busasshen ɗaki. Don zamewa irin ta Indiya akwai fotamento, a da yawansu in ka danna not na biyu a hankali sosai shi ke fitowa. Akwai kuma waɗanda aka ɗauka da makaɗan Gabas ta Tsakiya, su sun fi kusa da kunnenmu.

Sabon Shiga: Ni fa ina ganin duk wannan wahalar ta kusa ƙarewa, yanzu ƙirƙirarriyar basira kana rubuta mata kiɗan baƙin ciki da bayolin minti ɗaya ta ba ka. wa zai zauna yana tura wili

'Yar Malali: An kawo min irinsa ƙanena. Na ce to a jinkirta shigowar celo da daƙiƙa huɗu ya faɗa kan inda ta ɗago kai, kuma a cire hawan nan na tsakiya. Ba a iya ba, sai dai a sake fitar da wani daban gaba ɗaya. Mai laburare kuwa ina zaune zai ja not ɗin ya gyara. Mu aikinmu gyara ne har ranar da za a saki fim.

Sabon Shiga: Yanzu ne bata iya ba Anti, nan da shekara biyu fa

'Yar Malali: In ta iya mu gani a lokacin, ni dai ranar Juma'a zan miƙa aiki.

Ɗan Rigasa: Toh manya maganar samu fa. Kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne, ga data, ga wuta. Abokin nawa a filas aka zuba masa

Baban Situdiyo: Na san haka ake yi kuma ba zan ce ban san dalili ba, dala ta yi mana nisa. Amma in faɗa maka abin da ke raina, mutanen nan 60 sun zauna kwana da kwanaki suna jan not ɗaya ɗaya har kafaɗa ta yi tsami, haƙƙi ne. Mu da muke kuka in an tura waƙarmu a kasuwa ba a ba mu ko sisi ba, bai kamata mu manta ba. Fara da na halak da ke kyauta. Akwai BBC Symphony Orchestra Discover, ainihin ƙungiyar BBC ce aka ɗauka a Maida Vale, ƙarami ne ko giga ɗaya bai kai ba, kowace kwamfuta za ta ɗauka. Ka koyi rabon murya huɗu da wili a kansa wata shida. In aiki ya fara biya ka jira ragin ƙarshen Nuwamba ka sayi guda ɗaya ka san shi ciki da bai. Ɗaya da ka sani ya fi goma da ka tara.

Jikan Mai Goge: Assalamu alaikum, wuta ce ta hana ni shigowa sai yanzu na karanta daga sama. Maganar ɗan'uwa na Unguwar Dosa ta tsaya min a rai. Kakana mai goge ne, na tashi ina ganin yana shafa ƙaro a izga, in damina ce sai ya kai gogen kusa da garwashi fatar guzar ta ɗan ji ɗumi ta ɗaure, in ba haka ba amon ya kwanta. Ya rasu ba mu da ko kaset ɗaya nasa. Yanzu ga shi muna lissafa zauren Landan da na Biyana, an ɗauki kowane numfashin bayolin an adana, yaro a Rigasa na iya kiran mutum 60 da yatsa. Namu fa? Su Garba Liyo mai goge sai ɗan abin da aka ajiye. Watannin baya na ɗauko wani dattijo abokin kakana na kawo shi situdiyo da niyyar in yi abin da Injiniya ya bayyana. Na ce Baba ja min wannan amon shi kaɗai ka riƙe. Ya ja, kafin daƙiƙa biyu yatsunsa sun fara yawo ya shiga taken wani basarake. Na ce a'a guda ɗaya nake so, ya ajiye izgar ya dube ni ya ce yaro goge magana yake yi, ka taɓa jin an ce wa mutum faɗi harafi ɗaya ka tsaya? Na rasa amsa. Ƙarshe na bar makirufo a buɗe ya yi ta yi kusan awa ɗaya, yana yi yana ba ni labarin kowane take. Da na zo ɗora shi a kan fiyano kuma sai na ga amonsa ba ya zama daidai kan maɓallan, wasu na faɗawa tsakani, na gwada gyara su da otocun, manhajar daidaita murya, sai ya daina zama goge.

Injiniyan Barnawa: Kada ka gyara! Wannan tsakanin shi ne dukiyar. Fiyanon ake lanƙwasa wa ya bi shi, a Kontakt kana iya sauke ko ɗaga kowane maɓalli da ɗigo ɗigo. Kuma dattijon ya fi mu gaskiya, irin wannan kayan ba a fara shi da not ɗaya ɗaya, jimla jimla ake ɗauka a yanka a jera kan maɓallai, akwai laburare da yawa da haka aka yi su. In ya saba da ɗakin sai a lallaɓa a samu dogayen ja da zamewar, ko da kaɗan ne. Awa ɗayan nan tana ina?

Jikan Mai Goge: Tana nan a had dis biyu, ban taɓa ta ba. Da makirufon murya ɗaya na ɗauka kuma akwai ƙarar janareto can ƙasa

Baban Situdiyo: Ɗana ka sa ni hawaye wallahi. A sake ɗauko shi tun yana da ƙarfi. Ɗakina na ciki ba ya jin titi kuma ina da inbata, ba sai an tada inji ba. Amma sharaɗi ɗaya, kafin a kunna komai a zauna da shi da ɗaya daga cikin 'ya'yansa a gaya masa a fili cewa abin da za a ɗauka zai shiga waƙoƙin da bai sani ba har bayan ransa, in ya yarda a rubuta, a biya shi na zama, kuma in an taɓa sayarwa yana da kaso. In akwai taken da ya ce ba na wasa ba ne a bar masa abinsa.

Mai Fiyano Kawo: Wannan kam ina ciki, zan sa nawa a kuɗin zaman. A nemo mai ƙwarya ma ya zo tare da shi, goge ba ya sakin jiki in ba a buga masa ƙwarya.

Injiniyan Barnawa: Mai ƙwaryar ya zauna a ɗaya ɗakin da hedifon don kada ta shiga makirufon gogen. Zan zo da guda biyu, ɗaya kusa da fatar ɗaya kamar taku uku baya.

Malamin Kwaya Sabon Tasha: In an yarda zan zo da yarinyar nan mai bayolin ta zauna ta kalla kawai, ina so ta ga yadda ake yi da tsirkiya ɗaya.

'Yar Malali: Ni kuma da kyamara, in Baban ya amince.

Jikan Mai Goge: Gobe in sha Allah zan je gidansa bayan la'asar in ji ta bakinsa. Ba ya son fita da rana, kuma sai an ɗauko shi a mota don gwiwa na damunsa.

Ɗan Rigasa: Baba dan Allah ni ma a bar ni in zo ko waya ce in riƙa naɗewa. Kuma na buɗe waƙar da nake kai yanzu na raba sitirin ɗin gida huɗu kamar yadda Malam ya ce, biyolar ce na rasa inda zan kai ta a amshi, in na turo nan wani zai duba min?

Malamin Kwaya Sabon Tasha: Turo, amma ka fara rera layin nata da bakinka ka haɗo min da muryar.

Baban Situdiyo: Ka zo ɗana. Jika, in ya sa rana ka faɗa mana da wuri, kuma ka tambaye shi ko a tanadi garwashi tunda ruwa bai ɗauke ba.